'Yan Tsakin Kajina Masu Shuɗin Ƙwai Suna Mutuwa a Cikin Ɓawo, Maigida Ya Ce In Sayar In Huta

Assalamu alaikum, Anti. Shekara guda ke nan da na sayi kaji irin Araucana, masu yin shuɗin ƙwai, zakara 1 da kaji 5. Dukkansu ba su da jela, kuma kowace tana da tukkun gashi a gefen kunne, don da gangan na zaɓo masu shi. Kuɗin da na daɗe ina tarawa na zuba. A ƙyanƙyasar farko na samu sagaru 8. Da suka fara ƙwai, 5 ne suka yi shuɗi, 2 suka yi kore-kore, 1 ta yi ruwan ƙasa. Karo na biyu na sa ƙwai 36 a injin ƙyanƙyasa: 10 ba komai a cikinsu, 8 sun mutu a ɓawo gab da fitowa, 18 suka fito. Maigidana ya ce an cuce ni, in sayar in huta. Ni kuwa gani nake hannuna ne ba shi da sa'a. Ga mutum 3 da na yi wa alkawarin 'yan tsaki, ga tsohon zakaranmu na gida da ke yawo cikinsu. Na rasa abin yi.

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma maganar hannu marar sa'a ce ta fi tsaya mini a rai. Ki sauke wannan kayan daga kanki. Lissafin da kika kawo mini lissafi ne da duk wanda ya daɗe da wannan iri zai gane da kallo ɗaya, domin a cikin jinin kajin yake tun kafin su shigo gidanki. Abubuwa uku ne suka haɗu suka same ki lokaci guda, kowanne da dalilinsa daban, kuma biyu daga ciki gyaransu yana hannunki tun daga makon nan.

Bari in fara da 'yan tsakin nan 8, don na san su ne ke hana ki barci. Wanda bai taɓa fasa ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyasa ba, ba zai san abin da kika ji ba. Na taɓa zama da irinsu a gabana a rana ta 23, ina ɓare ɓawon a hankali daga ɓangaren da ya fi faɗi. Sai ki ga ɗan tsako cikakke, gashinsa a jiƙe ya kwanta, ga 'yan faratansa, ga bakinsa a ƙarƙashin fiffike kamar mai barci, gwaiduwar da ya kamata ya gama shanyewa tana nan a manne da cikinsa. Bai ko huda ɓawon ba. Ranar na zargi injin, na zargi wutar da ta ɗauke, na zargi kaina. Sai daga baya na gane a wajen zaɓen iyayen na yi kuskure.

Wannan tukkun kunne da ya ja hankalinki, ƙwayar gado guda ɗaya ce ke kawo shi. Kowane ɗan tsako yana karɓar gado kashi biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. In ya samu ƙwayar tukku daga ɓangare ɗaya kawai, yakan rayu ya fito da tukkunsa. In kuwa ya same ta daga uba da uwa baki ɗaya, kusan kullum mutuwa yake yi a cikin ɓawo a kwanakin ƙarshe. Saboda haka duk mai tukkun da kike gani tana yawo, ƙwayar guda ɗaya take ɗauke da ita. Da kika haɗa zakara mai tukku da kaji masu tukku, lissafin ya zama haka: a cikin kowane ƙwai 4 masu rai, 1 zai gaji biyu ya mutu, 2 za su fito da tukku, 1 zai fito fuska sumul. Ke ƙwanki masu rai 26 ne bayan an cire 10 ɗin nan. Kashi ɗaya cikin huɗu na 26 bai wuce 6 zuwa 7 ba. Kin rasa 8. Kin ga ashe kusan duk asarar a nan take. Ragowar ma ba abin mamaki ba ce, domin ko masu ƙwayar guda ɗaya sun fi sauran 'yan tsaki saurin mutuwa a ƙwai da kuma a kwanakinsu na farko.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe da hannu biyu. In kika haɗa mai tukku da marar tukku, rabin 'ya'yan za su fito da tukku, rabi ba su da shi, kuma babu wanda zai gaji biyu. Duba da kyau: a haɗin farko ma rabin ƙwan ne ke ba ki masu tukku. Wato ba ki ƙaru da ko ɗan tsako ɗaya mai tukku ba don kin haɗa masu tukku biyu, sai dai kin ƙara gawa. Ni a ganina babu hujjar da za ta sa mai ƙaramin kiwo irinki ta ci gaba da wannan haɗi. Tun da kajinki 5 duk masu tukku ne, zakara marar tukku kike bukata, kuma ki nemo shi daga wani gida daban, ba inda kika sayo na farko ba, don jinin ya sabunta. Abu ɗaya dai, wani lokaci kaza tana ɗauke da ƙwayar amma tukkun bai fito sosai ba, sai ɗan ƙullutun fata a bayan kunne ko gashi ɗaya tak. Kafin ki biya, ki kama zakaran ki busa gashin gefen kunnensa, ki shafa da yatsa, ki kuma tambayi yadda iyayensa suke.

Kada ki rikita tukku da gemu. Akwai kajin da ke da gemu da gashin kumatu mai laushi ya zagaye fuska, wannan gado ne daban, ba ya kisa. Tukku kuwa daga wata 'yar tsokar fata yake tsirowa kusa da kunne, ya miƙe waje kamar ɗan kunne.

Sai ƙwai 10 da ba komai a ciki. Wannan yawanci daga rashin jela ne. Araucana marar jela ƙashin ƙarshen bayanta ne babu, sai gashi mai kauri ya lulluɓe wurin, kuma jela ce ke taimaka wa zakara ya daidaita lokacin barbara, ita kuma kazar ta ɗaga gashin ya kauce. Da babu ita, zakara zai hau ya sauka kina gani, amma aikin bai yiwu ba. Masu kiwon wannan iri almakashi suke sawa su rage gashin da ke kewaye da duburar zakara da ta kajin. A rage ne, ba a fige ba, don wanda aka fige da wuri yake sake tsirowa. Ki samu mai riƙe miki kazar, ki yi a hankali, kada ki kusanci fata. Ki riƙa duba wurin kuma, domin kashi na yawan manne musu a gashin, musamman 'yan tsaki, har ya toshe. Kaji 5 ga zakara 1 daidai ne, kada ki ƙara masa. Ƙwan da za ki sa a inji kada ya wuce kwana 7 a ajiye, in ta matsa 10, a wuri mai sanyi-sanyi, tsinin yana ƙasa.

Ba na cewa injinki ba shi da laifi ko kaɗan, amma akwai hanya mai sauƙi ta wanke shi ko kama shi. A zubi na gaba ki haɗa da ƙwan kajin gida kamar 10, ki yi musu alama da fensir. In su sun fito lafiya, na Araucana suka maƙale, matsalar ta jini ce. In duka suka maƙale, injin ne. Zafi digiri 37.5 a injin da ke da fanka, kuma ki sa wani ma'aunin zafi na biyu a ciki, don wanda ke jikin inji yakan yi ƙarya. Danshi wajen kashi 50 cikin 100 har rana ta 18, daga nan ki daina juya ƙwan, ki ɗaga danshin zuwa 65 ko 70, ki bar murfin a rufe har rana ta 21. Haska shuɗin ƙwai da tocila ya fi na fari wuya, don launin ya ratsa ɓawon. Ki bari sai rana ta 10, a ɗaki mai duhu sosai, kada ki yi saurin yanke wa ƙwai hukuncin bara-gurbi ki zubar da mai rai.

Mu zo kan launi, inda maigida yake ganin an cuce ki.

Ɗauki ƙwai uku, shuɗi da kore da ruwan ƙasa, ki fasa, ki ɓare 'yar farar tantanin da ke manne a ciki, ki duba. Shuɗin, ciki da waje shuɗi ne. Mai ruwan ƙasa, cikinsa fari ne tas, launin a waje kawai yake kamar fenti. Koren kuwa za ki tarar cikinsa shuɗi ne. Ke nan koren ƙwai shuɗi ne da aka shafa wa ruwan ƙasa a bisa. Sinadarin shuɗin ana ce masa bilibadin, irin wanda ke cikin maɗaciya, kuma tun ana gina ɓawon yake shiga cikinsa. A 2013 ne masu bincike a ƙasar Sin da kuma Ingila suka nuna asalinsa: wata tsohuwar ƙwayar cuta ce ta bar guntun kanta a cikin gadon kaji, kusa da ƙwayar halittar da ke jigilar wannan sinadari, sai mahaifar ƙwai ta riƙa tara shi. Ba ciwo ba ne, ba ya cutar da kaza ko mai cin ƙwan. Abin sha'awa ma, haka ya faru daban a kajin Kudancin Amurka, ya kuma faru daban a kajin Sin irin su Dongxiang da Lushi.

Gadon shuɗi mai rinjaye ne: ƙwaya ɗaya ta isa kaza ta yi shuɗin ƙwai. Wannan alheri ne, kuma shi ne tarko. Kaza mai ƙwaya ɗaya da mai biyu duk shuɗin ƙwai suke yi, ba ki iya raba su da ido. Zakara kuma ba ya ƙwai, balle ya nuna miki abin da yake ɗauke da shi. Sagararki mai ƙwai ruwan ƙasa ba ta gaji shuɗi daga kowa ba, saboda haka tabbas uwarta ƙwaya ɗaya gare ta. In zakaran Araucana ne ubanta, shi ma ɗaya gare shi. Amma ni tsohon zakaran nan na gida nake zargi, shi ne ya fi kama da wanda ya kawo ruwan ƙasan da ya mai da biyu kore. Kada kamannin sagarun ya ruɗe ki, domin rashin jela da ɗan guntun zanko mai layi uku duk gado ne masu rinjaye, 'yar gauraye za ta iya fitowa da su. Kuma kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta mako 2 zuwa 3. Don haka ki raba tsohon zakaran na gida da su yau, ki jira mako 4 cur kafin ki fara tara ƙwan ƙyanƙyasa. Wanda suka yi a tsakani ku ci abinku.

To an cuce ki? Daga abin da kika rubuta ban ga hujjar faɗin haka ba. Kajin da kika saya suna yin shuɗin ƙwai, ba su da jela, suna da tukku, abin da aka ce miki ke nan. Abin da ba a gaya miki ba shi ne hatsarin haɗa masu tukku, kuma mai yiwuwa mai sayarwar ma bai sani ba. Wannan iri tun asalinsa haɗi ne. A ƙasar Chile, mutanen Mapuche suna da kaji iri biyu: Collonca marar jela mai shuɗin ƙwai, da Quetro mai tukkun kunne. Wani mai kiwon kaji, Rubén Bustos, shi ya haɗa su. Salvador Castelló, masanin kaji ɗan ƙasar Sifaniya, ya gan su ya ɗauka wani jinsi ne na daban, har ya gabatar da su haka a babban taron kaji na duniya na farko da aka yi a birnin Hague na ƙasar Holland a 1921, sai daga baya aka gane haɗi ne. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ba ta amince da Araucana a matsayin iri tsayayye ba sai 1976. In masani irin Castelló ya ruɗe da su, ba abin kunya ba ne a ce kin yi tuntuɓe a shekararki ta farko. Kuma wahalar ƙyanƙyasar nan da kika gani ita ce dalilin da ya sa suke da ƙaranci har yau.

In kina son sanin abin da sabon zakaran yake ɗauke da shi, gwajin yana cin lokaci amma ba shi da wuya. Ki ba shi kaji 2 ko 3 masu yin farin ƙwai, ki raini 'ya'yansa mata su kai wata 5 zuwa 6. In ko ɗaya ta yi farin ƙwai, ƙwaya ɗaya gare shi. In kin samu kamar 8 ko 10 duk shuɗi, to da wuya a ce ba biyu gare shi ba, kuma irin wannan zakara ba a sayar da shi, don duk 'yarsa za ta gaji shuɗi. Akwai kuma ɗakunan gwaji a wasu ƙasashe da ke gano wannan daga gashi ko ɗigon jini, ga wanda hanyar ta buɗe masa. Kafin nan, ki sa wa kowace kaza zobe mai launi a ƙafa, ki sayi littafi ki riƙa rubutawa: wace ce ta yi wane ƙwai, da wane zakara, nawa suka fito, nawa suka mutu, a rana ta nawa. Ƙwai mafi shuɗi kawai za ki riƙa zubawa, mai kore-kore a bar shi wa kicin. Ki sani kuma launin yakan kwashe a hankali in kaza ta daɗe tana ƙwai a jere, ya dawo da ƙarfinsa bayan ta huta ta sake gashi. Kada ki fitar da kaza mai kyau don ƙwanta ya yi fari-fari a ƙarshen zango.

Sabon zakaran kuma kada ya shiga cikinsu kai tsaye. Ki killace shi wuri daban mako 3 zuwa 4, ki duba ƙwarƙwata da majina da kashinsa, ki tabbatar duk garken sun samu rigakafin fakat. Garke ƙarami irin naki, cuta ɗaya ta isa ta share shi a mako guda.

Akwai tambayar da ya kamata ki yi wa kanki a tsanake: me kike so a zahiri, ƙwan ko kazar? In shuɗin ƙwai ne a kwando burinki, akwai hanyoyin da suka fi wannan sauƙi. Ameraucana, wadda aka amince da ita a Amurka a 1984, tana da jela da gemu, ba ta da tukku, don haka ba ta da wannan mutuwar ta cikin ɓawo. Akwai Cream Legbar, wadda Reginald Punnett da Michael Pease suka samar a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Ita tun ranar ƙyanƙyasa ake raba mace da namiji: macen tana da ratsi mai duhu a baya da ya fito sarai, namijin ya fi haske, da ɗigo mai faɗi a ka. Ga mai sayar da 'yan tsaki wannan ba ƙaramar riba ba ce. In kuwa son kazar ce kanta ya kama ki, da siffarta da ba ta kama da ta kowa, to ki zauna da ita, ki yarda cewa ƙyanƙyasarta ba za ta taɓa kai ta kajin gida ba. Yadda kika ƙirga ƙwanki ɗaya bayan ɗaya ya sa nake ganin ke ta biyun ce, kuma irinku wannan kaza take bukata.

Mutum 3 da kika yi wa alkawari, ki kira su ki gaya musu gaskiya: 'yan tsakin nan 18 ba ki da tabbacin ubansu, wasu za su iya yin kore ko ruwan ƙasa. Wanda yake so a haka ya ɗauka a farashin gauraye, wanda yake son tsantsa ya jira zubi na gaba. Kada ki sayar da su da sunan tsantsar Araucana, don bayan wata 6 ƙwan ne zai yi magana, kuma sunanki ne zai ɓaci. Haka nan in wani ya tambaye ki ko shuɗin ƙwai ya fi gina jiki ko ba shi da kitsen da ke toshe jijiya, ki ce masa a'a. Launin a ɓawo ya tsaya. Abin da ke ciki abincin kazar ne ke gyara shi, ba launin ba. An daɗe ana yaɗa wannan magana don a tsawwala kuɗi, kada ki shiga sahun masu yi.

Shi kuwa maigida, ban ga laifinsa ba. Ya ga kuɗinki na tafiya, ya gan ki kina fasa ƙwai kina share hawaye, dole ya ce a sayar a huta. Kada ki mai da shi gardama. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki kawo ƙwan nan uku ku fasa tare, ki zana masa lissafin huɗun nan a takarda, ya gani da idonsa cewa mutuwar tana da dalili kuma dalilin yana da gyara. Sannan ki roƙe shi wa'adi: zubi biyu da sabon zakara, ku kuma yanke iyakar abin da za ki ƙara kashewa, kada ki tsallake ta. In bayan zubi biyun ba abin da ya sauya, ku zauna ku sake shawara, ko a koma wani irin ko a tsaya. Ki sa shi a cikin aikin ma. Ranar rage gashi za ki bukaci mai riƙe miki kaza, shi ya fi kusa.

Idan zubin farko ya fito, ki rubuto mini adadi uku: nawa ne ba komai a ciki, nawa suka mutu bayan rana ta 18, nawa kuma suka fito daga cikin ƙwan kajin gida da kika haɗa. Da su zan gaya miki ko zakaran za a sake dubawa ko injin.

Allah Ya sa albarka a kiwon, ki gai da maigida.